Dangin Nendak

Tun gari bai waye ba na ɗana raga
tsakanin itatuwa biyu a gaɓar kogin Baleh,
inda matsattsaku ke jiran idon sawu
kamar masu bin bashi.
Kakana Ngelambai na zaune kan saiwa
yana murza taba, bai ce uffan ba.

Shida da kwata ya faɗa.
Baƙin kai, ciki jan ƙasa,
farin tabo a gindin wutsiya kamar an barbaɗa masa gari,
wutsiyar ma ta so ta fi mai ita.
Na ɗora shi a sikeli:
giram talatin, har da tsoronsa.
Zuciyarsa na ƙwanƙwasa yatsana
kamar baƙon da ruwa ya koro.

Na auna baki, na auna fiffike,
na ɗebi jini, ɗigon da bai kai hawaye ba.

"Me za ki tambayi jinin, Sendi?"
Na ce, danginsa.
Ya yi dariya har tabar ta suɓuce.

Na ce, Kaka, a littafin da malamaina na Kucin suka gada
an haɗa shi gida da waɗansu mawaƙa masu tonon ganye,
don murya ta zo ɗaya, tsayuwa ta zo ɗaya.
Ya shekara nawa a shafin nan, ba mai tambaya.
Da jini ya buɗe baki
aka ga kama da wane ba ta wane,
aka kwashe masa kaya
zuwa zuriyar masu cafke ƙwari.
Shi bai ma ji ba.
Ina jin ranar yana wanka a kududdufi.

Tsoho ya tsince tabarsa, ya hure ta.
"Mun riga ku. Nendak ne.
A dogon gidan sama, in ji ubana,
manyan tsuntsaye surukan maigida ne,
kowa da ɗakinsa, kowa da maganarsa mai nauyi.
Wannan ɗan raɓe ne, ba ɗaki, ba gona.
Shi ya sa bakinsa ke da sanyi.
Ubana bai taɓa sa adda a sabuwar gonar shinkafa
bai saurare shi ba."

Ban gaya masa akwai littafi na uku ba,
wanda ɗan baffana Unyat ya haddace
a bayan kasuwa, can ƙasan kogi,
inda ake jera keji ana lulluɓa da tsumma.
Can dangi biyu ne kawai:
mai doguwar wutsiya, da mai araha.
Bara na ƙirga bakwai a wannan kwari.
Bana, da wannan, biyu.

Takardata na da gurabe:
iyali, zuriya, jinsi, wuri, rana.
Na cike su da Latin, da biron da raɓa ta jiƙa.
Babu gurbin ɗan raɓe.
Babu gurbin ringit.

Na buɗe hannu.
Ya ɗan tsaya, kamar bai yarda ba,
ya bar mini farin kashi daidai kan iyali,
ya haye reshen rattan, ya girgiza, ya share murya.

An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.
Wannan ya fara da nasa,
ya ari na maƙwabci, ya ari na wani can ƙetaren ruwa,
ya ƙulla su wuri ɗaya
har na kasa gane inda aro ya ƙare.

Can nesa injin yankan katako ya yi tari, ya tashi.
Tsuntsun ya karkata kai, yana saurare.

"Naɗe ragarki," in ji Kaka,
"kafin ya koyi wannan ma."